Shin Ana Sayar da Karimci?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba a littafi na same ta ba, a gindin tukunya na tsince ta. Tambayar kuwa ita ce: in mutum ya tarbe ka da fara'a, ya ciyar da kai kamar ɗan cikinsa, sa'an nan da ka tashi tafiya ya faɗa maka kuɗin da za ka biya, shin fara'ar nan tasa karimci ce ko kuwa haja?

A birnin Atina na ƙasar Girka abin ya faru, a unguwar Kifseli, nesa da wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cinkoso. Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne mai tebura takwas, irin wanda Girkawa ke kira mayiriyo, watau inda ake dafa abincin gida tun da safe, in ya ƙare a rufe. Ba a ba ni takardar jerin abinci ba. Wata dattijuwa ce ta yafito ni zuwa madafa, ta riƙa buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ga fasolada, miyar farin wake da tumatir da karas da man zaitun. Ga yemista, tumatir da tattasai da aka ƙwaƙule cikinsu aka cusa shinkafa aka gasa. Ga kuma horta, dafaffen ganyen daji da ake matsa wa lemon tsami, tamkar kwaɗon zogale wanda aka manta ba a sa wa ƙuli-ƙuli ba. Da na ce mata ba na cin alade sai ta yi dariya, ta ce ai yau Laraba ce. Ashe masu riƙo da addini a cikin Kiristocin Girka ba sa cin nama ran Laraba da Jumma'a. Mijinta na zaune wajen akwatin kuɗi, 'yarsu na kai kwanuka, jikansu kuma yana can lungu yana aikin makaranta. Bayan na ƙoshi sai ga wata 'yar alewa ta garin alkama da kirfa, wadda ban ce a kawo ba. Suna kiran wannan kerasma, kyautar mai gida ke nan, ba ta shiga lissafi. Dattijuwar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ci, ɗana."

Da na ba wani abokina labari sai ya ce an yi mini wayo ne kurum. A cewarsa, alewar nan tsaba ce da ake watsa wa kaza, kuma "ɗana" ɗin nan kowa ake gaya wa. Ban iya watsar da maganarsa nan take ba, domin kuwa magabatan Girkawan da kansu sun riga shi yin wannan zargi.

A wurin Girkawan da, baƙo abin tsoron Ubangiji ne. Kalmarsu ta ksenos tana nufin wanda ba a sani ba, tana kuma nufin wanda aka saukar, daidai da yadda kalmar baƙo take a Hausa. A cikin Odisi ta Homa, lokacin da Telemakos ya isa garin Filos yana cigiyar ubansa, sarki Nesto sai da ya ciyar da shi ya shayar da shi tukuna, sa'an nan ya tambaye shi ko shi wane ne. To, wanda ya tashi da irin wannan tarbiyya yaya zai dubi mai karɓar kuɗin abinci? Aflatun, a littafinsa na Dokoki, kashi na 11, ya yi tir da masu masaukin da ke kafa gida a kan hanya mai nisa, su tarbi matafiyi a gajiye, maimakon su riƙe shi aboki sai su riƙe shi kamar kamammen yaƙi wanda ba zai fita ba sai da fansa. Almajirinsa Aristotal kuma ya kasa abota gida uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta nagarta, ya ce ta amfani tana mutuwa ran da amfanin ya ƙare. Bisa wannan ma'auni, tsakanina da dattijuwar nan babu kome sai wake da yuro.

Amma fa mutane kan tsaya a rabin maganar Aflatun. A wuri guda ɗin ya ce aibin ba a sana'ar yake ba. In da za a tilasta wa mutanen kirki, maza da mata, su riƙe masauki su yi ciniki bisa gaskiya, da an girmama sana'ar kamar yadda ake girmama uwa ko mai reno. Uwa fa ya ce. Ni kuwa abin da na gani ke nan a Kifseli.

Kuskuren abokina, a ganina, shi ne zaton da ya yi cewa niyya ba ta zama ta gari sai in ita kaɗai ce a zuciya. Wane aiki ne na ɗan Adam yake haka? Malamin da ya tsaya bayan an tashi aji yana warware wa ɗalibi abin da ya shige masa duhu, ƙarshen wata zai karɓi albashi, amma ba wanda zai ce albashin ne ya sayi rabin sa'ar nan. Kuɗi suna da iyakar da suke tsayawa. Na biya wake, na biya mai, na biya wuta da kujera. Ban biya tambayar da ta yi mini ko gishiri ya ji ba. Kuma na riga na gaya mata jibi zan bar ƙasar, watau ni kaza ce da ba za a kama ba, duk da haka ta watsa tsabar. Ko a kasuwanninmu mai awo kan yi wa matafiyi gyara alhali ya san ba zai sake ganinsa ba. A ce al'ada ce, na yarda. Amma ai halin kirki ma, in ji Aristotal ɗin, da maimaitawa ake samunsa har ya zama jiki.

Sai dai da na gama wanke dattijuwar daga zargi, sai na ga zargin ya juyo kaina, kuma nan ne maganar ta yi nauyi. Me ya sa abincin ya yi araha haka? Domin a gidan nan babu wanda ake biya lada kamar yadda za a biya bare. Matar da ta tashi tun asuba tana ƙwaƙular tumatir ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu sai Lahadi. 'Yar tata ta gaya mini ta gama jami'a, ta dawo riƙon faranti ne a shekarun da bashi ya durƙusar da ƙasar, daga 2010, lokacin da rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin ɗari a 2013, a cikin matasa kuwa ya wuce rabi. Gidaje irin wannan da suka tsira, da yawa sun tsira ne saboda ɗa ba ya kai uwarsa ƙara a kan albashi. Ashe ɗanɗanon gida da nake yabo, har ina lumshe ido, wani ɓangarensa gumin da ba a biya ba ne. Ni da na shiga ina tsoron kada a cuce ni da murmushi, ni ne na fita da abin da ya fi kuɗina.

To, yaya mutum zai yi da irin wannan bashi? Na gwada hanyar da ta fi sauƙi. Kashegari na koma, da aka kawo alewa na ce a sa ta cikin lissafi. Nan take fuskar dattijuwar ta canza, ta ture hannuna, ta yi wata magana da Girkanci wadda 'yar ta ƙi fassara mini. Na gane na zage ta: na nemi in mayar da kyautarta haja, watau na aikata da hannuna abin da abokina ya zarge ta da shi. Ita ta san inda ciniki ya tsaya, ni ne ban sani ba.

Ran da zan tafi na biya ta wajen da la'asar, an kusa rufewa. Na ci abin da ya saura a tukunya, na karɓi alewata ba gardama, na bar 'yan canji a tebur kamar yadda kowa ke yi, ina sane da cewa akwatin maigida za su shiga. Na leƙa madafa in yi sallama. Tana zaune a kan wata 'yar kujera, ta tuɓe takalma, ƙafafun sun kumbura, tana tsince waken gobe a cikin tire. Na ce, "Na gode, Mama." Ba ta ɗago ba, ta dai tambayi 'yar ko an ƙunsa mini burodi na hanya.