Tsantseni a Bakin Burtali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka: idan damina ta sauka a ƙasar Tasawa da Mayayi, garken shanu kan ɗauki hanyar arewa, wajen Dakwaro da kwarin Tarka, su bar wa manomi gonarsa. Idan kaka ta yi sai su juyo, su bi Gulbin Kaba, suna jiran ranar da hukuma za ta ce an saki gonaki, su ci kara da harawa, su bar taki. Hanyar da suke bi tsakanin gonaki ita ce burtali, kuma a bakinsa ake gane mai tsoron Allah.

A hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kamanta mai kusantar shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen hurumin sarki: bai shiga ba tukuna, amma yana gab da faɗawa. A ƙarshen hadisin aka ambaci zuciya. Daga nan mutanen Allah suka ɗauko wara'i, wato tsantseni.

Makiyayin da ya tsayar da garke dab da gero mai bunni, ya jingina da sanda yana cewa ai bai shiga ba, shi ne wancan makiyayin. Saniya ba ta san iyaka ba, mai ita ne ya sani. Imamu Malik ya kawo hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azibu a Muwaɗɗa: tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Irin wannan shari'ar ce ta zo gaban Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da 79.

Manomi ma yana da nasa hurumin da yake kewayawa, kuma ɓarnarsa ta fi ɓoyuwa, don ba ta barin sawun kofato. Kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma hanyar jaki. Wani ya shuka wake a bakin mashaya, ya zauna jiran kuɗin ɓarna. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa makiyayi haƙƙin wucewa, amma shari'a ta riga su, da ta sa mutane tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Mutanen Maraɗi ba su manta Toda ba, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayuka fiye da 100 a 1991.

Muridi yana istigfari 100 a lazimin safe, 100 a na yamma. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Haƙƙin bawa kuwa, malamai sun haɗu a kan cewa tuba ba ta cika sai an mayar da shi ko an yafe. Wanda shanunsa suka yi ɓarnar dare ya riga mai gona zuwa ƙofar mai gari, ko da ba wanda ya gan shi. Wanda ya ci burtali ya janye kunyarsa tun kafin shuka ta gaba, damman da ya samu a wurin kuma ya kai wa malami ya tambayi hukuncinsu.