Katangar Masallaci da Idon Maƙwabci



Jama'a, duk wanda ya shigo ta ƙofar titi ya ga yadda damina ta bar mana katangar waje. Fenti ya ɓare, gansakuka ta hau gindinta, ga ragowar fastocin 'yan siyasa da aka manna mana da dare ba ko sallama. Wani bawan Allah cikin 'yan kasuwarmu ya ɗauki nauyin fenti da kuɗin aiki, ya roƙi kada a faɗi sunansa. Allah Ya saka masa da alheri. Ni na ɗauka magana ta ƙare, a sayo fenti a kira mai shafawa. To, zama biyu kwamiti ya yi bai tashi da matsaya ba. Da yake littafin bayanin taro a hannuna yake, na ga ya kamata in kawo muku maganar kafin zama na uku, tare da nawa ra'ayin. Ra'ayi ne kawai, fatawa tana wajen Malam.

Samarinmu, Allah Ya yi musu albarka, suna so a rubuta aya da manyan baƙaƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, da fassarar Turanci a ƙasa, kuma ayar da suka zaɓa raddi ce kai tsaye ga aƙidar Kirista. Wasu dattawa kuma sun ce a zana dagin Arewa babba, a san masallacin 'yan Arewa ne. Kowa ya san abin da katangar nan take kallo. Tana kallon ƙofar gidan maƙwabtanmu Gbagyi, Kiristoci, waɗanda muka tarar a wurin tun ba a haƙa harsashin masallacin ba.

Wanda ya sa na sake tunani shi ne mai fentin da kansa. Namu ne, a sahun nan yake salla, amma ya yi shekaru yana aikin zanen bango a Kwatano da Kumasi, shaguna da makarantu da gidajen mutane. Da aka tambaye shi nawa zai karɓa, sai ya ce a bar maganar kuɗi tukuna. Ya ce a yawonsa ya koyi abu guda. Kafin ya buɗe gwangwanin fenti, sai ya tsallaka titi ya zauna a inda mutane za su riƙa ganin bangon, ya duba waye a wurin. "Alhaji," in ji shi ga shugaban kwamiti, "mai gida sau ɗaya zai biya ni ya shige ciki. Na tsallaken titi shi zai riƙa buɗe ido a kan aikina kullum safiya, ni kuwa na daɗe da barin garin."

Tun daga ranar nake juya tambayar: bango na waye? A takarda namu ne, da kuɗinmu aka sayi bulo. Fuskar ciki ba mai gardama da mu a kanta. Amma fuskar waje magana ce muke yi wa titi, kuma magana ce da ba ta yin shiru, ba dare ba rana. Hausawa sun daɗe da sanin haka. Wanda ya taɓa yawo a cikin birnin Zariya ko Tudun Wada ya ga tsofaffin soraye da magina suka ƙawata da dagi da takobi, har da keke da agogo, don mai wucewa ya san gidan mai hali ne. A can kowa ya iya karanta wannan zane, ado ne, ba wanda zai ji an tsokane shi. Ɗauko dagin nan ka kafa shi a ƙofar mutumin da kakanninsa suka noma wannan ƙasa, yana iya karanta shi a matsayin tuta, wato mun zo mun ci gari. Dagin dai shi ne na Zariya, mai kallonsa ne daban.

Abin da ke ruɗar mu a Suleja shi ne harshe. Da yake kowa na jin Hausa, daga kasuwar IBB har tashar mota, sai mu manta cewa baƙi ne mu. Wanda ke Sabo a Ibadan ba ya mantawa, da ya leƙa titi Yarbanci zai tuna masa. Mu nan ba mai tuna mana. Amma ku duba sahunmu na yau. Wannan daga Kano, wancan daga Funtuwa, ga na Illela, ga na Maraɗi. Yawancinmu ginin Abuja ne ya jawo mu ko ya jawo iyayenmu. Hatta Zage-zagin garin nan, waɗanda su ne 'yan gari a kanmu, tarihinsu na hijira ne. Sarki Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi ya sauka a Zuba cikin Koro, ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, a ƙasar da Koro da Gbagyi suke zaune. Bayan 1976 aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon babban birni, tsohon garin ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gbagyi da yawa kuma aka tashe su daga ƙauyukansu saboda ginin birnin, Sabon Wuse da ke kusa da mu shaida ce. Mutumin da aka taɓa tasa daga gonar ubansa, yadda yake kallon alamar baƙo a bango daban ne da yadda ni da kai muke kallonta.

(Tun da maganar ta zo, mutanen nan Gbagyi suke kiran kansu. Mu muka saba da cewa Gwari, har muka mai da "gwaranci" sunan gurɓatacciyar Hausa, 'ya'yanmu suna zagin juna da "bagware" a gaban masu sunan. Wannan ko kwabo ba za mu kashe ba wajen gyara shi.)

Garin nan ya taɓa karɓar baƙo mai sana'ar hannu, kuma labarinsa yana aljihun kowa, a bayan takardar naira ashirin. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, maginin tukwane, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki a 1950. Ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da tukwane, ya zaɓi garin nan ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mata Bagbagyiya daga Kwali, wato Ladi Kwali, ya yaba ƙwarai. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Bai ce ta watsar da ginin hannu irin na iyayenta ba, bai ce ta daina zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da take yi a jikin tulu ba. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Shi kuwa ya bar cibiyar tun 1965.

A ganina wannan baƙo ya yi abin da ya kamata, ya duba abin da ya tarar kafin ya taɓa shi. Amma akwai sauran labari, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Tulun gargajiya yana tsattsafo, iska ta buge shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da aka koma gina shi da irin yumɓun cibiyar, aka shafe shi da ruwan ƙyalli irin na tangaran, aka gasa da wuta mai tsanani, sai ya yi kyan da ba a taɓa gani ba, ya kuma yi nauyi, ya daina tsattsafo. Ya tashi daga abin zuba ruwa ya koma abin ajiyewa a falo da gidan tarihi. Ba da mugunta aka yi ba, kuma Ladi ta samu ɗaukaka ta wannan hanya. Sai dai kun ga ko baƙo mai ladabi, in ya sa hannu a abin mutane sai ya canza shi ta inda bai zata ba. To ina ga wanda bai tsaya ya duba ba ma?

Shi ya sa ban goyi bayan shawarar da wani ɗan uwa ya kawo a zama na biyu ba, wai a yi wa katangar irin zanen tulunan Gbagyi don maƙwabta su ji daɗi. Niyyarsa mai kyau ce. Amma ban da cewa siffar mai rai ba ta hawa bangon masallaci, wa ya ce mana suna so? Ɗaukar adon mutane ka manna a bangonka ba ka tambaye su ba, shi ma wani nau'in rainin ne, ko da da murmushi aka yi shi. Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura. Ni dai ban yarda da karin maganar nan gaba ɗayanta ba. Akwai wutsiyar da addini ya hana ka ɗaurawa, akwai kuma wadda masu ita ba su ba ka aro ba.

Yanzu ga samarinmu, don na san abin da ke ransu, ni ma ban daɗe da barin sahunsu ba. Suna cewa, ashe kunyar addininmu za mu ji? Aya ba gaskiya ba ce? Gaskiya ce, wallahi, ba mai ja. Amma mu tuna da Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙasar Kiristoci suka je. Da aka kira su gaban Najjashi, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗi abin da Musulunci ya ce game da Annabi Isa bai rage komai ba, alhali ransu na kan siraɗi. An tambaye shi, ya amsa, a majalisar da ake sauraro. Uwayen muminai Ummu Salama da Ummu Habiba sun ga wata coci a can mai hotuna a ciki, daga baya suka ba Annabi labarinta, ya kuma bayyana musu ɓatan wannan aiki da kakkausar magana, yana cikin Bukhari da Muslim. Duk da haka ba a ruwaito cewa masu hijirar sun je sun kankare bangon mutane ko sun yi musu rubutu a ƙofa ba. Ja'afar ya zauna a ƙasar fiye da shekara goma, sai a shekara ta bakwai bayan hijira ya iso Madina, lokacin Khaibar. Aƙidarsu ba ta ragu ba, amanar masaukinsu ma ba ta taɓu ba. A Suratul An'am kuma, aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Aya ba zagi ba ce, na sani. Amma in muka zaɓe ta don ta soki na tsallaken titi, muka girke ta a saitin ƙofarsa, Allah Ya san abin da muka nufa, shi ma maƙwabcin ya sani.

Sannan ku duba katangar da idonku. Kwata ce a gindinta. Awaki na goga jiki, masu fasta ba sa tambaya, kuma kowa ya san abin da wasu ke yi a jikinta in dare ya yi, duk da "BA A FITSARI A NAN" da muka rubuta har sau biyu. A nan za mu ɗora maganar Allah? In wata safiya aka tashi aka ga an shafa wa ayar ƙazanta, ko yaro ne ya yi ko mashayi ko wani mai neman fitina, kafin azahar labari ya kai Madalla ya kai Zuba, kuma ba wanda zai tsaya tambayar waye. Mu da muka ga 2011 a garin nan, bam a ofishin zaɓe a watan Afrilu, bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti, mun san yadda gari ke yin tsit, mun san yadda maƙwabci ke kallon maƙwabci bayan nan. Shagunanmu a fili suke, iyalanmu a gidajen haya suke cikin mutane. Wanda ya rubuta ayar yana iya komawa garinsu gobe, matar da ke tsallaken titi kuwa nan ne garinsu.

Ranar Talata Malam ya ce in raka shi mu gaisa da mutanen gidan. Tsohuwar muka tarar a ƙofa tana tsince wake. Malam ya gaishe ta, ya ce, "Mama, za mu yi wa katanga fenti, muka ce bari mu ji ko akwai abin da kike gani." Ta daɗe tana kallonmu. Ta ce shekara nawa muna nan ba wanda ya taɓa tambayarta komai sai in za a roƙi a kawar da mota ranar Juma'a. Sannan ta ce, "Ɗana, launi kam ku shafa wanda kuka ga dama. Amma ku zo ku gani." Ta kai mu gefen ɗakinta ta nuna mana inda indararon masallaci ke zubo ruwa kai tsaye a jikin bangonta. Siminti ya zaizaye, bulo ya fito, ciki ya yi baƙi da danshi, a nan jikokinta ke kwana. Damina nawa ana haka, mu muna ciki muna salla ba mu sani ba. Malam bai ce komai ba sai "Allah Ya ba mu haƙuri, Mama, laifinmu ne." Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, don ni na sa hannu a takardar biyan wanda ya kafa indararon.

Abin da zan kai zama na uku ke nan: a juya indararo zuwa kwata, a gyara mata bangon da kuɗinmu kafin a taɓa namu, a shafa wa katanga fenti wankakke da sunan masallaci da lokutan salla a bakin ƙofa, ayoyi kuma a rubuta su a ciki, sama da inda hannu ke kaiwa. Mai fenti ya ce in aka yi haka zai rage kuɗin aikinsa. Kuɗin indararo da siminti ba sa cikin abin da mai bayarwa ya ɗauka, don haka za a zagaya da asusu bayan sallar yau da ta Juma'a mai zuwa.

Zaman kwamiti ranar Lahadi ne bayan isha'i, ƙofa a buɗe take. Samarin da ba su gamsu ba su zo su faɗi nasu, za a rubuta kamar yadda aka rubuta nawa.

Wassalam.
Sakataren masallaci