Jagorancin Ɗalibi Daga Nesa a Ma'aunin Malaman Musulunci

Shafukan intanet da ke haɗa ɗalibai da tsofaffin ɗaliban makarantarsu suna tafiya ne a kan tsari mai sauƙi. Wanda ya gama karatu zai rubuta shekarar da ya fita da aikin da yake yi, ɗalibi ya faɗi fanninsa da abin da ya shige masa duhu, sai manhaja ta haɗa su. LinkedIn, wanda aka buɗe a 2003, yana da sashen da ke nuna wa mutum inda waɗanda suka riga shi fita daga jami'arsa suke aiki. Zumuncin ɗalibai da tsofaffin ɗalibai kansa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta tana cikin mafi daɗewa a Arewa. Sabon abu shi ne jagora da ɗalibi suna iya shekara suna magana ba su taɓa yin musafaha ba. A nan ake tambaya: abin da babba ke bai wa ƙarami yana isa cikakke ta waya?

Malaman hadisi sun daɗe da tattauna abu mai kama da wannan. Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245, ya lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi daga malami. A sama akwai ji daga bakinsa da karanta masa yana saurare. A can ƙasa akwai wijada, wato mutum ya tsinci rubutun malamin da bai taɓa ji daga gare shi ba. Tsakaninsu akwai mukataba, malami ya rubuta wa ɗalibin da ke wani gari. Mafi yawan malamai sun karɓi mukataba, da sharaɗin ɗalibi ya gane rubutun hannun malaminsa ne. Ke nan nisa bai hana ɗaukar ilimi ba a wurinsu; abin da suka tsananta a kai shi ne tabbatar da wanda ke magana. Wannan sharaɗi ya faɗo kai tsaye a kan mai gina shafi, domin a intanet kowa na iya kiran kansa likita ko injiniya.

Sai dai ruwaya daban, tarbiyya daban. A zaurukan Kano da Zariya da Katsina, ɗalibi yana biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala, malam yana fassara masa kalma bayan kalma. Amma rabin karatun ba ya cikin littafi. Ɗalibi yana ganin yadda malam ke karɓar baƙo, yadda yake haɗiye fushi idan an yi masa rashin kunya, da yadda yake cewa bai sani ba a gaban jama'a. Malam ma yana karantar ɗalibin: ya san mai ƙwazo da mai gaggawa, ya san wanda yabo ke ɓatawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ambaton malaman da ya zauna gabansu. Sufaye, Ƙadirawa da Tijjanawa, sun fi kowa nanata cewa hali ana ɗaukarsa ne ta zama tare. Mutum a waya yana nuna abin da ya zaɓa ya nuna, na rabin sa'a, sannan ya kashe. Saboda haka ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne shafi yana iya ɗaukar bayani da shawara, kamar yadda ake neman gurbin karatu ko abin da aikin banki ya ƙunsa, amma gyaran hali sai an haɗa da ganin ido.

Tambaya ta biyu ta amana ce. A Musulunci wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, kuma wanda ya gabatar da wani a matsayin amintacce ya ba da shaida ke nan. Sanya sunan mutum a jerin jagorori shaida ce, ko da kwamfuta ce ta jera. Takardar kammala karatu tana tabbatar da cewa mutum ya zauna a aji, ba ta cewa komai game da halinsa. Abin ya fi nauyi idan ɗaliba ce, inda malamai na yanzu suka yi ta muhawara kan ko hirar waya ta mutum biyu tana shiga hukuncin keɓancewa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta warware irin wannan ta tsarin 'Yan Taru: ta horar da jajoji, mata dattijai, su ne ke kai karatu ga matan ƙauyuka su kuma dawo mata da tambayoyinsu.

Akwai kuma batun adalci, wanda masu yabon irin waɗannan shafuka ba su cika tsayawa a kai ba. Alƙur'ani, a aya ta 85 ta Suratun Nisa'i, ya bambanta ceto mai kyau da mummuna. Tsohon ɗalibi da ya nuna wa ƙaninsa na makaranta yadda zai shirya wa ganawar ɗaukar aiki ya yi na farko. Idan ya sa baki aka ba shi gurbin da wani ya fi shi cancanta, don kawai sun sha ruwan makaranta ɗaya, ya koma abin da ake kira hanya ko sanayya. Makarantun da tsofaffin ɗalibansu suka fi yawa a manyan kujeru su ne kuma za su fi samun jagorori, ɗan makarantar ƙauye ya tashi a tutar babu. Mai gina shafi yana iya rage wannan ta buɗe wani kaso na jagorori ga ɗaliban wasu makarantu, ko ta sanya ƙa'idar da ta hana neman alfarmar aiki ta cikin shafin.