Makullin Akwati Da Makullin Arziki

Ya Ubangiji, na idar da sallar asuba, amma zuciyata ta riga ni zuwa fadama.

Ka san gonar. Ita ce ta bakin ruwa a nan Baturiya, mai goruba biyu a kan iyaka. Baba ya noma shinkafa a cikinta har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da Ka karɓi abinKa, damina ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta, har yau ba a raba ba.

Baffa ne wasiyyi. Shi marigayi ya damƙa wa amana a gaban shaidu. Makullin akwatin ƙarfen yana aljihunsa, takardun suna ciki, har da ɗan littafin nan mai baƙin bango da Baba ke rubuta bashi da ajami. In na je gaisuwa na ɗauko zancen, amsar ɗaya ce: "Ɗana, a dakata tukuna, bari ruwa ya janye." Ruwa ya janye, sai a ce bari a yi girbi. An yi girbi, sai a ce wane yana Legas, ba a rabo babu shi.

Ba na zarginsa da mugun nufi. Zukata Kai ne masaninsu. Kuma wasu dalilan gaskiya ne. Shari'arKa ta ce a fara da hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, abin da ya saura shi ne na magada. Akwai kuɗin taki da Baba ya ci bashi a kasuwar Haɗejiya. Akwai buhunan shinkafa da shi ma yake bin wasu, mai biyan bashi kuwa ba kasafai yake kawo kansa ba. Ambaliyar 2022 ta share iyakoki, gambar da aka dasa shaida ta bi ruwa, dole sai an tara dattawan da suka san wurin. Duk wannan na yarda.

Amma gona ba ta san jira ba, ya Allah. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwan fadamarmu ya daina zuwa ya tafi a kan lokacinsa. Yana kwanciya a magudanai rani da damina, kachalla kuwa abin da take nema ke nan. Gonar da ba ta da tsayayyen mai ita, wa zai shiga da adda ya sare mata? Kowa yana cewa ba ta zama tasa ba tukuna. Na tsaya a bakinta, na ga kachalla ta ɗara tsayina a inda shinkafa ke kaɗawa a da, jan-baki sun mai da wurin makwanci.

Sai in tuna Inna. Tumuninta Kai Ka yanka mata, ba wani mutum ba. Ta fita takaba tuntuni, amma ba ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba, saboda kunyar ƙanin miji. Ga 'yan'uwana mata a gidajen aurensu, nauyin magana ya rufe musu baki. Kowa kuma ya san abin da jinkiri ke haifarwa a ƙasar nan. Magaji ya rasu ba a raba ba, gado ya hau kan gado, jikoki su tashi suna kai juna gaban alƙali a kan gonar da kakanninsu suka ci tuwo tare a gefenta.

Nauyin da na tashi da shi ke nan. Ga shi na ajiye a gabanKa.

Da na yi shiru, sai wata tambaya ta zo mini a hankali. Tun ranar da aka kai Baba makwancinsa, wane dare ne na kwana da yunwa?

Babu ko ɗaya. Ban karɓi gona ba, amma na ci, yarana sun ci. Wata rana kifi ne maƙwabci ya turo da shi daga komarsa. Wata rana aikin rani ne ya zo har ƙofar gida ban nema ba. Makullin akwati yana hannun Baffa, amma makullin arzikina bai taɓa shiga aljihunsa ba. Yana wurinKa.

Zuciya tana son ta haɗa gado da arziki ta mai da su abu ɗaya. Gado sai an sa rana, sai an tara magada, sai an ja igiyar awo. Arziki kuwa kowace safiya Kake raba shi, ba Ka jiran na Legas ya dawo, ba Ka jiran ruwa ya janye. Abin da Ka rubuta nawa ne a gonar nan, jinkirin bawa ba zai rage ko taki ɗaya daga cikinsa ba. In kuma ba Ka rubuta ba, gaggawata ba za ta kawo shi ba.

Ruwan da muke noma da shi daga ƙasar Kano yake tasowa, ya bi ta Wudil, ya wuce Haɗejiya, kafin ya iso mana. Babu manomin Baturiya da ya taɓa tsayawa a bakin gaɓa yana yi masa tsawa ya zo da wuri. Yakan dai tanadi iri, ya gyara kunya, ya share magudana, sauran ya bar maKa. Irin wannan zuciyar nake roƙo.

Share magudanar kuwa aikina ne. Neman haƙƙin Inna da na 'yan'uwana ba rashin kunya ba ne, Kai Ka wajabta a ba kowa nasa. Ka ba ni harshe mai laushi in faɗi gaskiya da shi. Ka tsare ni daga zancen bayan ido, daga ƙirga wa Baffa laifi a zaure alhali a gabansa ina durƙusawa. Kada in sami gona in rasa dangi.

Shi ma Ka tausaya masa. Ya tsufa, amana tana da nauyi, kuma mai yiwuwa tsoron kuskure a dukiyar mamaci ne ya ɗaure masa hannu. Ka sauke masa wannan kaya lafiya tun yana da rai. Baba kuma Ka yi masa rahama, Ka sa a biya masa bashinsa da wuri, ya huta.

Yau bayan la'asar zan je gidan Baffa tare da babbar yayarmu da liman, mu roƙe shi ya sa rana. Ka riga mu isa, ya Ubangiji, Ka tausasa zuciyarsa da tawa.