Rauni Ya Warke, Saura Tabo

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki. To amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin raina: idan likita ya ce mara lafiya ya warke, shin zuciyarsa ma ta warke ke nan?

Abin da ya jawo tambayar shi ne wata gwaggota da aka yanke wa mama ɗaya saboda sankara. Ta dawo gida Jahun, aka yi ta zuwa barka, kowa na cewa Allah Ya kiyaye gaba. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara wanka da rana ba, sai da asuba cikin duhu. Da na matsa mata sai ta ce, "'Yar nan, ciwon ya tafi, amma jikin da aka dawo mini da shi ba nawa ba ne."

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama. Kuma mu mutanen Jahun mun san irin wannan rauni, domin tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke yi wa masu yoyon fitsari aiki a babban asibitin garin. Kowa ya san ɗinkin likita daban, komawa cikin jama'a da sakin fuska daban.

A Amurka da Turai wasu matan sun samo tasu mafita, wato jarfa. Wata takan sa a zana mata furanni a kan tabon, wata kuma a zana mata kamannin kan mama bayan likita ya sake gina ƙirjin. Hujjarsu ita ce, tabon farko cuta ce ta zaɓa musu, zanen kuwa su suka zaɓa da kansu.

Mai karatu zai ce wannan al'adar Turawa ce. Amma ai wanzamanmu sun daɗe suna yin bille da kalangu da jarfa, sai dai galibi tun mutum na tsumman goyo, ba tare da shawararsa ba, har dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa. Saboda haka zane a jiki ba baƙonmu ba ne. Baƙon shi ne mai jikin ta zaɓa.

A nan ne gizo ke saƙar. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. A ɗaya gefen kuma ga labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Daga nan malamai suka bambanta canza halitta don ado da kuma gyara aibin da ya faɗa wa mutum. Ko zanen kan mama ya shiga babin gyara, wannan hukunci ne na malamai, ba na marubuciya ba. Nawa dai shi ne in ce buƙatar da ta haifi zanen gaskiya ce, kuma zalunci ne a ce wa mace ta gode Allah ta yi shiru, kamar godiya da baƙin ciki ba sa zama a zuciya ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gwaggo ba ta yi jarfa ba. Bayan tabon ya bushe sarai, likita ya amince, sai ta sa aka kwaɓa jan lalle na gida, ƙanwarta ta zana mata reshe da ganye a kan layin ɗinkin. Lalle ba ya huda fata, cikin 'yan makonni yake gogewa. Amma ranar ce ta fara neman madubi.

'Yan'uwa marubuta, mu ma akwai namu laifin. Littattafan soyayyarmu cike suke da jarumai masu dogon gashi da cikar ƙirji, babu ko ƙwarzane. Yaron da ya tashi da wannan karatu, yaya zai dubi matarsa ranar da ta dawo daga asibiti da mama ɗaya? Mu fara rubuta jaruma mai tabo, wadda ake so da tabon nata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na jiki da na zuci.