Wanda Aka Ɗauke wa Alƙalami, Wa Zai Ba Shi Allo?

Akwai wata mas'ala wadda malaman fiƙihu suka warware rabinta tun ƙarnoni masu nisa, suka bar mana sauran rabin a hannu, ita ce mas'alar yaron da Allah Ya halitta da raunin fahimta, wanda shekarunsa ke tafiya kamar na tsaransa, amma ganewarsa tana biye sannu-sannu, wani lokaci ma ta tsaya a wani matsayi ba ta ƙara gaba. Rabin da suka warware shi ne na hisabi, domin kuwa hadisin da Abu Dawuda da waɗansunsa suka ruwaito ya tabbatar da cewa an ɗauke alƙalami daga kan mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe, malamai kuma suka haɗu a kan cewa hankali shi ne sharaɗin taklifi, gwargwadon rauninsa gwargwadon sauƙin da Shari'a ke yi wa mai shi. Rabin da ya rage kuwa shi ne wanda mutane ke faɗa a zuci, su ji nauyin furta shi: idan har ba za a tambayi wannan yaro a gobe Kiyama ba, to don me za a sha wahalar karantar da shi a yau?

Wannan tambaya ta fi fitowa fili a wuraren da Musulmin ƙasashenmu suka yi ƙaura suka tarar da wata doka wadda ba ta yarda a bar yaro a ɗaka ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce unguwar da ake kira Ƙaramar Senegal, a Harlem ta birnin Niyok, watau titi na 116 tun daga hanyar Malcolm X har zuwa ta Frederick Douglass, inda mutanen Senegal suka fara sauka da yawa daga shekarun 1980, na Mali da Gine da Kodebuwa suka biyo su, har da Hausawa da Zabarmawa fatake daga Nijar. A nan ne masallacin Malcolm Shabazz yake da koren ƙubbarsa, kusa da shi kuma ga kasuwar da aka buɗe a 1994 sa'ad da hukuma ta tashi masu kasa kaya daga titi na 125. Almajiran Shehu Ahmadu Bamba, wato Muridawa, sukan yi jerin gwano a unguwar kowace ranar 28 ga Yuli. Jama'a ce mai riƙo da addini, mai neman halali da gumi, maza a tuƙin tasi da kai saƙo, mata a shagunan kitso da gidajen abinci. A cikin kowace jama'a kuwa, komai ƙanƙantarta, ba a rasa gidan da aka jarrabe shi da irin wannan yaro.

Kada mai karatu ya zaci tun asali Amurka ta san girman waɗannan bayin Allah. A 1927 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar wata yarinya mai suna Carrie Buck, ta halatta wa hukuma ta yi wa wanda aka ce yana da raunin hankali aikin hana haihuwa ko da bai yarda ba, aka kuwa yi wa dubban mutane. A cikin Niyok ɗin kanta, a tsibirin Staten, akwai wani gida da ake kira makarantar Willowbrook, wanda aka gina domin mutum 4,000, amma a 1965, shekarar da Sanata Robert Kennedy ya ziyarce shi ya fito yana Allah wadai, akwai fiye da 6,000 a ciki; yara kwance a ƙasa cikin ƙazanta, waɗansu tsirara, babu mai koya musu ko riƙe cokali, har likitoci suka riƙa sa wa waɗansunsu ƙwayar ciwon hanta da gangan da sunan bincike. Sai a 1972, da wani ɗan jarida, Geraldo Rivera, ya shiga da na'urar ɗaukar hoto ya nuna wa duniya a talabijin, iyaye kuma suka kai ƙara, sannan aka fara sallamar mazaunansa, ba a rufe shi ba sai 1987. Abin da ya canja halin ƙasar, bayan ikon Allah, naci ne na iyaye, galibinsu mata, waɗanda suka ƙi yarda a ce 'ya'yansu ba sa koyuwa.

Daga wannan gwagwarmaya ce dokar 1975 ta fito, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu, bayan majalisa ta yi iƙrari da bakinta cewa yara masu naƙasa kimanin miliyan ɗaya an rufe musu ƙofar makarantun gwamnati ɗungurungum. Dokar ta wajabta a karantar da kowane yaro kyauta, da irin karatun da ya dace da halinsa, kuma tare da sauran yara matuƙar hakan zai yiwu. A auna shi tukuna, da izinin iyayensa, cikin harshen da ya fi ji; sannan malamai da masu gwaji da iyaye su zauna su rubuta masa takardar shiri tasa shi kaɗai, a faɗi inda yake, da inda ake so ya kai cikin shekara, da taimakon da za a ba shi, ko na koyon magana, ko na motsa gaɓoɓi, ko motar da za ta ɗauke shi; a sake zama kowace shekara, har ya kai shekara 21. Birnin Niyok yana da gunduma guda ta makarantu, ana kiranta ta 75, domin waɗanda buƙatarsu ta yi nauyi. A 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a hana yaro makaranta don iyayensa ba su da takardar zama, a 2017 kuma ta ƙara da cewa ba ya isa a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce an sauke nauyi. Gaskiya ne akwai jinkiri da jeka-ka-dawo a cikin aikin, tun 1979 ma iyaye suka kai birnin ƙara a kan haka, amma haƙƙi ne rubutacce wanda talaka zai iya tsayawa a kansa.

To, me ke hana waɗansu iyayenmu karɓar abin da aka riga aka ba su? Akwai tsoron hukuma ga wanda zamansa bai daidaita ba. Akwai matsalar harshe, domin ko da an fassara takarda zuwa Faransanci, uwar da ta taso a karkarar Maradi ko ta Kaolack ba ta shiga lakwal ba, sai ta sa hannu ba ta gane ba, ko ta ƙi sawa don ba ta gane ba, alhali kuwa doka ta ba ta ikon a kawo mata tafinta. Amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne kunya, da abin da muka ɗauko daga gida na cewa aikin iska ne, ko sammu, ko baki, har a ƙasar Hausa akan ce da irin wannan jariri ɗan ruwa. Likitoci sun san sabuba da yawa: doguwar naƙuda wadda ta hana ƙwaƙwalwar jariri iska, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, gubar dalma irin wadda ta halaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta bar waɗansu da tabo, ko kuwa wani ƙari a ƙwayoyin halitta tun daga ɗaukar ciki. Addu'a ba ta da lokacin da ba ta dace ba. Abin baƙin ciki shi ne a shafe shekarun farko, waɗanda a cikinsu ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar horo, ana jiran rubutu da hayaƙi su kaɗai, a bar sababin da Allah Ya ajiye a bakin ƙofa.

Mu komo ga asalin mas'alar. A ganina kuskuren ya fara ne daga ɗaukar cewa ilmi ba shi da wani amfani sai sauke farali, har wanda farali ya faɗi daga kansa ya zama ba shi da rabo a ciki. Malaman usulu sun rarrabe tsakanin cancantar mutum ta a ba shi haƙƙi da cancantarsa ta ya zartar da al'amari da kansa: ta biyun tana rataye da hankali, tana ƙaruwa tana raguwa, ta farkon kuwa tana rataye da kasancewarsa ɗan Adam kurum, wanda Allah Ya ambaci karamcinsa a Suratul Isra'i ba tare da Ya gindaya sharaɗin basira ba. Saboda haka ne yake gado, yake mallaka, har a mazhabarmu ta Malikiyya waliyyinsa ke fitar da zakka daga dukiyarsa. Sun kuma bambanta mahaukaci da ma'atuhi, wato mai ƙarancin fahimta wanda ba ya duka ba ya zagi, malaman Hanafiyya suka ba shi hukuncin yaro mai wayo, wanda ibadarsa ke inganta ko da ba ta wajaba a kansa ba. Ashe ke nan nauyin da aka ɗauke masa bai ɓace ba, kan waliyyi ya koma, in waliyyi ya gaza ya koma kan jama'a a matsayin farali kifaya, wanda in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Abin da ya fi ratsa ni a wannan babi shi ne labarin wani mutumin Madina, wanda masu sharhi suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne ko mahaifinsa, da aka taɓa rotsa masa kai, harshensa ya yi nauyi, ganewarsa ta yi rauni, ana ta cutarsa a ciniki. Danginsa suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi saye da sayarwa. Shi kuwa ya ce ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Sai Annabi ya bar shi da kasuwarsa, ya koya masa wata 'yar gajeriyar kalma wadda zai riƙa faɗa ta zama sharaɗin kada a yaudare shi, a wata ruwaya kuma ya ba shi zaɓin kwana uku na mayar da kaya. Ibnu Umar ya ce yakan ji shi yana faɗinta da karkataccen harshensa. A duba fa: an auna abin da mutumin zai iya, an ba shi darasi daidai bakinsa, an sauya ƙa'idar kasuwa dominsa, an bar shi cikin mutane da mutuncinsa. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai rauni a hankalinta ta ce tana da buƙata wurin Annabi, ya kira ta da alkunya irin ta girmamawa, ya bar mata zaɓin hanyar da za su tsaya, ya saurare ta har ta gama. Imamu Gazali, da ya zo lissafa wajiban malami a farkon Ihya'u, ya sa a ciki cewa ya tsaya daidai fahimtar almajiri, mai rauni kuma a ba shi bayyanannen abu wanda ya dace da shi.

Da wannan gado a hannunmu, abin kunya ne a ce makarantar gwamnati ta rubuta wa yaro shiri da sunansa, ta aiko mota ƙofar gidansu, amma ran Asabar da Lahadi, sa'ad da 'yan'uwansa ke tafiya makarantar allo, a bar shi a gida wai zai dami mutane. Malamin da ke fama da yara masu yawa a ɗaki guda, ba albashin kirki, ba mataimaki, ba a ɗora masa laifin shi kaɗai. Sai dai dubarun da masu wannan fanni ke aiki da su ba asiri ba ne: a gutsuttsura aiki ƙanana-ƙanana, a nuna da hannu da hoto kafin a faɗa da baki, a maimaita a lokaci guda da wuri guda, a yaba nan take, a janye taimako kaɗan-kaɗan. Alwala tana koyuwa haka, gaɓa bayan gaɓa. Fatiha tana koyuwa haka, ko da za ta ci shekara. Wanda bai iya ko wannan ba, ya iya tsayawa a sahu kusa da mahaifinsa, jama'a su saba da motsinsa da sautinsa. Malaman allo ma, da suka gaji biya wa kowane almajiri karatunsa shi kaɗai gwargwadon inda allonsa ya tsaya, sun fi kowa kusa da wannan hanya, in aka ajiye bulala. A ƙasashenmu ma haka abin yake: makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu a Kano masu yi musu magana a fada, masu raunin fahimta kuwa ba su da bakin kai kuka, abin da aka gani kuma a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ya isa ya hana mu yi wa Willowbrook kallon laifin waɗansu.

Saura tambayar da ke hana iyaye barci, wato bayan ransu. A dokar Niyok, yaro in ya cika shekara 18 ya zama mai ikon kansa, komai rauninsa, sai fa in iyaye sun je kotu sun nemi walicci. A 2022 kuma jihar ta yi wata doka wadda ta ba shi damar ya zaɓi amintattun da za su taimake shi yanke shawara ba tare da an karɓe masa ikonsa ba. Fiƙihunmu ya jera waliyyai, uba, sannan wasiyyinsa, sannan alƙali, a aikace kuma dangi ne ke ɗauka. Amma a Harlem kawu da gwaggo suna bayan teku. Abin da ke nan shi ne da'irorin ɗariƙa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda suka ƙware wajen tara kuɗi cikin 'yan kwanaki don a mayar da gawa birnin Tuba ko Yamai. Jama'ar da ta iya wannan tana iya ware wani kaso na asusun ta ɗauki mataimakin malami, ta naɗa mutum biyu ko uku masu jin Turanci su riƙa raka iyaye mata zaman makaranta, liman kuma ya tambayi kowane uba, tun yana da rai da lafiya, wa ya rubuta a matsayin wasiyyin wannan ɗa.