Kuɗin Barbarar Ingarma: Abin da Hadisi Ya Ce da Abin da Ake Yi a Faransa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci doki kuma ya hore mana shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa na Paris da Liyon, an tallata wa wasu daga cikinmu wata sana'a da ba mu saba da ita ba. An ce su haɗa kuɗin adashi su sayi kaso a jikin goɗiya mai asali, a kai ta wurin shahararren ingarma a biya kuɗin barbara, in ta haihu a sayar da duƙushin a gwanjon Deauville. Sun tambaye ni ko ya halatta. Na ga ya fi in amsa a nan, domin amsar ta shafi har wanda bai taɓa riƙe linzami ba.

Dokin tsere mai asali ba a shigar da shi littafin nasaba sai idan ingarma ne da kansa ya hau uwarsa, ba a yarda da ɗura maniyyi da hannu ba. Saboda haka duk shaharar ingarma, goɗiyoyin da zai iya hawa daga tsakiyar Fabrairu zuwa Yuli suna da iyaka, kuma wannan iyakar ce ke ɗaga farashi. Ku dubi Siyouni, wanda yake gidan kiwo na Bonneval a Nomandi, mallakar gidan Aga Khan. Lokacin da ya fara barbara a 2011 Yuro 7,000 ake biya. Da 'ya'yansa suka fara cin manyan gasanni, har ɗansa Sottsass ya lashe gasar Arc de Triomphe a filin Longchamp a 2020, sai farashin ya yi ta hawa har ya kai Yuro 200,000 a 2024, a kan kowace goɗiya guda. Wootton Bassett na gidan Etreham ya taɓa faɗuwa zuwa Yuro 4,000, masu kiwo suna kau da kai daga gare shi. Da ɗansa Almanzor ya ci babbar gasar Chantilly a 2016, waɗanda suka raina shi jiya su ne suka dawo suna neman gurbi, har kamfanin Coolmore na Ailan ya saye shi a 2020. Dokin bai canja ba, zaton mutane ne ya canja.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, duk waɗannan dawakai ta wajen uba suna komawa ne ga ingarmu uku da aka kai Ingila kimanin shekara ɗari uku da suka wuce. Ɗaya an sayo shi a Halab ta Sham a 1704, wani kuma ya fito daga Tunis, ya ratsa ta nan Faransa kafin ya ƙetara teku. Jinin dokinmu ne, amma hukuncin da ya zo tare da shi an baro shi a baya.

To mene ne hukuncin? Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗi a kan barbarar namijin dabba. Imamu Muslim ya ruwaito irinsa daga Jabir game da raƙumi. Tirmizi kuma ya kawo daga Anas cewa wani mutum ɗan ƙabilar Kilab ya yi tambaya aka hana shi, sai ya bayyana cewa sukan ba da aron namijin ne a yi musu kyauta daga baya, sai aka yi masa rangwame a kan kyautar. Wannan shi ne abin da iyayenmu suka saba a ƙasar Hausa: a kai goɗiya gidan mai ingarma, in buƙata ta biya a aika da tukuici, ba ciniki ba sharaɗi. A wani hadisin na Muslim ma, ba da aron namiji don barbara an lissafa shi cikin haƙƙoƙin da ke kan mai dabbobi.

Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun tsaya a kan zahirin hanin. Hujjarsu ita ce abin da ake sayarwa ba a san yawansa ba, ba a san ko zai yi amfani ba, kuma mai ingarma ba shi da ikon miƙa shi, tunda al'amarin yana ga sha'awar dabba da ƙaddarar Ubangiji. Wannan shi ne garari. Imamu Malik, wanda mafi yawanmu muka tashi a kan mazhabarsa, ya bambance. Ya halatta a yi hayar ingarma na ƙayyadadden lokaci ko ƙayyadadden adadin hawa, don kada zuriyar dabbobi ta yanke idan masu maza suka ƙi ba da aro. Abin da Malikawa suka ɗora hanin a kansa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, shi ne a ƙulla hayar a kan sai macen ta ɗauki ciki.

A nan ne maganar ta yi nauyi, domin yarjejeniyar da aka fi ƙullawa a gidajen kiwo na Faransa ita ce ainihin wannan. Ko dai a ce za a biya ranar 1 ga Oktoba idan likita ya tabbatar da ciki, ko a ce ba biya sai an haifi duƙushi da rai. Mai kiwo yana ganin wannan adalci ne a gare shi, kuma ba shakka ya fi masa sauƙi a kan ya zuba dukiyarsa ya tashi a tutar babu. Wani ɗalibi zai iya cewa ai jinga ce, kamar yadda Malikawa suka yarda a yi sharaɗi da likita cewa ba lada sai an warke. Maganar tana da ƙarfi, musamman yanzu da na'urar hoton ciki ke nuna shigar ciki cikin mako biyu, ana kuma rubuta kowane hawa da ranarsa. Sai dai likita aikinsa yake sayarwa, shi kuwa wannan akwai hadisi da ya ambace shi da sunansa. Abin da na fi natsuwa da shi: wanda yake kiwon halal kuma bai sami mai ba shi aro ba, ya nemi a rubuta masa haya ta lokaci ko ta adadi. Idan gidan kiwon ya ƙi sai a kan sharaɗin ciki, malamai da dama sun sauƙaƙa wa mai biya saboda buƙata, suka bar nauyin a kan mai karɓa.

Amma 'yan'uwa, da matsalar ta tsaya a lafazin yarjejeniya da da sauƙi. Mu tambayi kanmu, me ya sa hawa ɗaya ya kai kuɗin gida? Domin ana fatan duƙushin zai ci gasa. Kuɗin gasar daga ina? Mafi yawansa daga PMU, kamfanin cacar dawakai da aka kafa a 1930, wanda hukumomin tsere irin su France Galop suka mallaka, kuma ribarsa gare su take komawa. Abin da ake zubawa cikinsa a shekara yana tsakanin Yuro biliyan 9 da 10, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba ya komawa hannun masu cacar. Kun san su wa ke zubawa. Ku leƙa shagunan taba da shayi na Barbès da La Chapelle da hantsi, ko na Guillotière a Liyon, ko filin Parilly ranar tsere, za ku ga mai gadi da mai shara da direba, da yawansu masu sallah, sun ƙura wa allo ido da takarda a hannu. Har a Yamai da Maraɗi ana cacar tseren da ake yi a Paris. Kuɗin da ya kamata ya tafi gida don hatsi da magani shi ne ke bin wannan hanya har ya ƙare a turken ingarma a Nomandi.

Musulunci bai ƙi sukuwa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, kuma ya halatta sanya lada ga wanda ya yi nasara a tseren doki da raƙumi da harbi. Ladan daga shugaba ko wani mai kyauta yake fitowa, ba daga aljihun 'yan kallo da ke cin dukiyar juna ba. Ya kuma kasa masu doki gida uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda sutura ne gare shi, da wanda zunubi ne a kansa saboda alfahari da riya. Mai sayen kaso a goɗiyar tsere ya auna a wane gida yake.

Ga masu adashi, shawarata ita ce su janye. Ko a mizanin kasuwa, goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, a yi ta ciyar da duƙushi fiye da shekara guda kafin gwanjo, sannan sau da yawa abin da za a taya bai kai kuɗin barbara da ciyarwa ba, musamman idan yayin ingarman ya wuce a tsakani. Manyan gidaje suna da goɗiyoyi da yawa, riba a ɗaya ta rufe asarar goma. Ku ɗaya tak za ku mallaka, ita ma kaso. In kuma wani ya ce zai sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi a wurin gwanjo don farashi ya hau alhali ba saye zai yi ba, wannan shi ne najashi, kuma an hana shi a hadisi ingantacce.

Su kuwa 'yan'uwanmu da ke aiki a bargunan Chantilly da Maisons-Laffitte, masu share muri da wanke doki da kai shi kilisa tun kafin asuba, hukuncinsu daban ne. Aikinsu kula da dabba ne, ladansu na guminsu ne, ban ga dalilin haramta musu shi ba, ko da yake wanda ya sami aiki nesa da harkar tsere ya fi masa. Sharaɗi guda ne: kada su yi cacar, kuma kada su zama masu tsegunta wa 'yan'uwa dokin da suke zaton zai ci, domin an fi tambayar su wannan a ƙofar masallaci ranar Juma'a fiye da yadda ake tambayar su lafiyar iyali.

Allah ne mafi sani.